Ganye Mai Yatsa Ɗaya

Juma'a, 8 ga Afrilu, da yamma

Na dawo gida yau. Wim ne ya kawo ni a a-kori-kurarsa har inda hanya ta tsinke, sauran muka tako da ƙafa, laka har gwiwa. Wim maƙwabcina ne na ƙasan rafi, ɗan Holan, ya tsufa a kwarin nan amma har yau bai iya ɗaure igiya ba. Ya ce in kwana a gidansa. Na ce ina da gida.

Gidan yana nan. Bayansa ne babu. Ranar wata Laraba tudu ya sauko ya shiga ɗakin wanki ta bangon baya, ya zauna a ciki kamar wanda aka gayyata. Ban shiga ba. Daga bakin ƙofa na leƙa. Uwar shukar tana ƙarƙashin laka, bakin tukunyarta kawai ake gani. Akwai silifa ɗaya kuma. Na ja ƙofar.

Ni ba mai rubutu ba ne. Tun ina ƙarami mahaifina ya cire ni daga makaranta ya ba ni adda a gonar ayaba. Lorna ce ta zaunar da ni a teburin nan bayan aurenmu, ta koya mini jera magana a takarda. Yau gidan babu wanda zan yi wa magana, kare ma yana wurin Wim. Shi ya sa.

Lorna tana asibiti a gari. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Asabar, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na hau tudun gabas, wanda bai zaftare ba, na kutsa bayan sarƙaƙiyar da muke ɓoye shukar waje duk shekara. Tana nan tsaye. Goggo Dot. Ta fi ni tsawo, furen ya fara cika, ƙanshin nan nata na mangwaro da barkono ya tare ni tun kafin in gan ta. Na zauna a kan dutse har matsattsaku suka hau ƙafata ban ji ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na mutu babu mai faɗa daidai. Goggo Dot tabar wiwi ce. Mace ce, ba a taɓa barin namiji ya kusance ta ba, saboda haka ba ta da iri. Da reshe ake riƙe ta, a yanka a dasa, a yanka a dasa. Uwar tana zama a ɗakin wanki ƙarƙashin fitila don kada ta ga rana ta gajarce. Wiwi da ta ga rana ta gajarce sai ta yi fure, in ta yi fure kuma ta gama, saura mutuwa. To uwar tana ƙarƙashin laka. Wannan ta tudu ta riga ta yi fure, nan da wata guda babu ita. Bayan ita kuma babu wata a duniya.

Dot Keane ce ta zo da irin a cikin kalmasar siket ɗinta, shekarar da yaran nan masu dogon gashi suka cika kwarin da tantuna, Lorna tana cikinsu. Dot ta shuka, ta zaɓi guda ɗaya. Dot ta ba Col Dogo. Col ya ba 'yan biyun gidan Harkin. Da wutar daji ta cinye gidan Dot, 'yan biyun suka mayar mata da reshe. Dot ta ba Wim, ta ba Lorna. Haka ake yi a nan. A kofin shayi ake kai reshe, ba a saye, ba a sayarwa, kuma wanda aka ba ba ya cewa na gode. In ka yi godiya ba za ta kama ba. Ka karɓa, ka yi maganar ruwan sama, ka tafi.

Dot ta mutu. Col ya mutu. 'Yan biyun ɗaya ya mutu, ɗayan ya sayar wa mutanen Sydney da gonarsa, yanzu ba ya gane kowa. Wim ya bar tasa ta bushe shekarar da aka yi masa aikin ƙugu. Saura mu.

Lorna ba don nishaɗi take riƙe ta ba. A man shanu take dafa ta, ta shafa kaɗan a burodi da yamma saboda gaɓoɓin hannunta. In ba haka ba, ba ta barci.

Asabar, da la'asar

Wim ya hawo da kare da tukunyar miyar kabewa, ya same ni ina wanke reza.

"Me za ka yanka, tsoho? Gemun nan ai ya fi ƙarfin reza."

Na faɗa masa.

"Ba a ɗaukar reshe daga mai fure, Merv. Ta riga ta sa kai. Kamar ka ce wa tsohuwa ta koma rarrafe ne."

"Lorna ta taɓa yi. Shekarar da jirgin 'yan sanda ya sauka a filin Col aka tuge shukar kowa."

"Ka gani da idonka?"

"Ina can yamma ina saran katako. Na dawo na tarar da ita kore shar."

"Wato ba ka gani ba."

"Kai da ka kashe taka da ƙishirwa a ƙasar da ruwa ke cin gidaje, kai za ka koya mini?"

Ya yi dariya, ya bi ni tudu, ya riƙe mini kwando.

Rassan ƙasa na yanka, ƙanana, waɗanda furensu bai yi nauyi ba. Guda shida. Na tsoma gindinsu a zumar Lorna wadda ta daskare a kwalba, da tsohuwar zuma ake magani. Na huda kofuna, na dasa su, na kife kwalabe a kansu. Suna kan teburin kicin ƙarƙashin ƙwan lantarki. Dole su ɗauka lokacin zafi ne ya dawo da doguwar ranarsa, su manta da furen, su koma ganye. Aikina ke nan yanzu, in yi wa shuka ƙarya.

Wannan aikin Lorna ne. Nawa haƙa rami ne da ɗaukar ruwa.

Lahadi, 10 ga Afrilu, da rana

Fitila tana ci. Ban shiga ɗakin wanki ba.

Talata, 12 ga Afrilu, da la'asar

Sai na hau kan tankin ruwa waya take kamawa. Tansy ce, 'yarmu, ita kaɗai muka haifa. Malamar makaranta ce a Ballina.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Abinci."

"Tudun nan bai gama saukowa ba. Ka tattara ka taho, na gyara maka ɗaki."

"Akwai abin da nake jira."

A gidan nan ta tashi, ta san abin.

"Ciyawar nan."

"Tana da suna."

"Baba, kai ka san abin da Mama ta koma ɗaukowa ranar nan. Kun riga kun fito. Kun riga kun fito waje ku biyu."

Na ce waya ba ta ji sosai. Na sauko. Ƙafata ta zame a tsani, amma ba komai.

Laraba, 13 ga Afrilu, da safe

Laraba.

Lahadi, 17 ga Afrilu, da yamma

An ɗan buɗe hanya, mota ɗaya tana iya wucewa. Wim ya kai ni gari.

Sun yanke wa Lorna gashi. Gashin da bai taɓa ganin almakashi ba tun ina saurayi. Hannun dama yana kwance a kan bargo kamar abin da wani ya manta ya tafi.

Na ce, "Lorna, ni ne."

Ta ce, "Ruwa."

Na kawo kofi, ta kau da kai. Nas ɗin, wata 'yar Filifin mai suna Marites, ta taɓa kafaɗata. "Ba na sha take nufi ba, Baba. Ita ce kalmar da ta maƙale mata. Da ita take gaisuwa, da ita take faɗa."

Lorna, wadda take iya yi wa mutum faɗa tun daga ƙofar gida har bakin rafi ba ta maimaita kalma ba.

Na matsa kusa da kunnenta na ce Goggo Dot tana gaishe ta. Idon hagu ya juyo ya tsaya a kaina. Na ce na yanka daga ta tudu, kamar yadda ta taɓa yi. Na ce za ta dawo ta same ta kore shar. Na yi mata alkawari.

A hanyar dawowa Wim bai yi mini ba'a ba ko sau ɗaya. Na tsani haka.

Laraba, 20 ga Afrilu, da safe

Rassa biyu sun kwanta. Gindin ya yi baƙi, ya yi laushi. Na jefa su a murhu, na wanke kofunan, na mayar da su inda take jera su.

Asabar, 23 ga Afrilu, da rana

Rana ta ƙi leƙowa. Farantan sola suna kan rufi suna shan ruwa kamar kowa, batir kuwa sai ƙasa yake yi. Na cire firij, na ba kare naman da ke ciki. Na cire rediyo. Ruwa ina ɗebowa da bokiti. Duk abin da ya rage na fitilarsu ne.

Wim ya zo ya tsaya a ƙofar kicin yana kallo.

"Kai kana cin waken gwangwani a duhu, ganye yana shan lantarki. Ko jaririn asibiti bai sami wannan gata ba."

"Ya fi ka amfani."

"Ya fi ka kyan gani ma, ko da yake wannan ba abin yabo ba ne."

Ya tafi. Can sai ga shi yana turo ƙaramin janaretansa a baro, yana haki, yana zagina da yarensu. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Kar ka soma. Na shuka ne, ba naka ba."

Sai na ce da alama ruwan zai kai gobe. Ya ce da alama.

Litinin, 25 ga Afrilu, da sassafe

Na farka na tarar da fitila a mace. Man janareta ya ƙare, ban san tun yaushe ba. Na ba su haƙuri da baki. Tsoho tsaye cikin rigar barci yana ba kofin shayi haƙuri. Gara da ba mai gani.

Laraba, 27 ga Afrilu, da safe

Laraba. Ɗaya kuma ya kwanta.

Asabar, 30 ga Afrilu, da la'asar

Funfuna ta shiga furen ta tudu. Ka taɓa waje ka ga lafiya, ka buɗe ciki ka ga toka. Na sare ta. Abin da ya tsira na rataye a baranda, zai yi man shanun 'yan watanni. Na daɗe a tsaye a kan kututturen.

Saura uku a kan tebur. Ba su mutu ba, ba su yi motsi ba. Suna nan yadda na ajiye su, da ɗan furensu ya bushe a kai. Na san wani abu mai kama da haka. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 1 ga Mayu, da yamma

Sun zaunar da Lorna a kujera mai taya. Ruwa, ta ce. Tansy da likita suna magana a waje ƙasa-ƙasa, na ji an ce wurin kulawa. Na kalli taga.

Alhamis, 5 ga Mayu, da hantsi

Na ɗaga kofi don in share teburin, sai na ga farin zare ya leƙo ta hudar ƙasa. Saiwa. Na ɗaga na biyu, shi ma. Na ukun ya tafi.

Na kira sunan Lorna da ƙarfi kafin in tuna. Kare ya ruga ƙofa yana kaɗa jela, ya daɗe a can yana jira.

Litinin, 9 ga Mayu, da safe

Ɓera. Ya ture kwalba, ya cinye ɗaya har ƙasa. Tun da laka ta shiga bayan gida suka dawo ciki.

Saura ɗaya. Na mai da ita tukunya, na yi mata keji da ragar kaji. Shekara hamsin na mutane, a cikin abin da bai kai tsawon yatsana ba.

Laraba, 11 ga Mayu, da rana

Fitila tana ci. Ban shiga ba.

Asabar, 14 ga Mayu, da safe

Ta yi toho. Daga tsakiyar busasshen furen ya fito. Ya kamata in yi murna.

Ganyen Goggo Dot yatsa bakwai ne, dogaye, sirara, gefensu da haƙora kamar zarto. Ko a duhu ka ba ni na san shi. Wannan kuwa yatsa ɗaya ne. Gajere, mai santsi, babu haƙori ko ɗaya, ya murɗe kamar kunnen ɓera. Na murza shi a hanci, ba mangwaro, ba barkono. Ɗanyen ganye kawai.

Talata, 17 ga Mayu, da la'asar

Sun ƙaru, duk iri ɗaya, kowanne ya fi ɗan'uwansa muni. Wim ya sa tabarau ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ita ce. Da hannuna na yanka, kai ka riƙe kwando."

"Merv, wallahi wannan ya fi kama da ɗoɗɗoya. Ka tsinka mu sa a miya."

"Ka sa gemunka a miya."

"Ba wasa nake ba. Ko cuta ce, ko wahala ce ta juya mata kai. Wani lokaci abu yakan dawo, amma ba shi ne ya dawo ba."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya cire tabarau ya yi ta goge shi da riga. Ya sa hula ya fita, bai sha shayinsa ba.

Laraba, 18 ga Mayu

Ba komai.

Asabar, 21 ga Mayu, da yamma

Tansy ta hawo da kanta, da takalmin da bai dace da laka ba. Ta kawo burodi da ƙwai da madara. Ta buɗe firij ta ji ɗumi, ta bi waya da ido har bango, ta juyo ta ga kejin.

"Wannan ce?"

"Ita ce."

"Saboda wannan ka rame haka? Saboda wannan Mama ta..."

"Tansy."

"Ba ma ita ba ce, Baba. Ni ma ai na san ta. Ƙarƙashinta na koyi tafiya. Dube ta fa." Ta zauna a kujerar uwarta. "Na samar wa Mama wuri kusa da ni. Suna da masu koya wa mutum magana da tafiya. Ba za ta iya hawa nan ba, ko da tudun ya tsaya."

"Na ɗan lokaci."

"Baba."

"Na ɗan lokaci, na ce."

Ba ta yi gardama ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta soya ƙwai, ta tsaya a kaina har na cinye kamar ɗan ajinta, ta tafi.

Na daɗe ina kallon abin da ke cikin kejin. Sannan na ɗauki tukunyar na kai juji bayan lambu na ajiye. Na kashe fitila. Na mayar da firij, yana ta kuka shi kaɗai da ƙwai huɗu a ciki.

Na tsinki ganye ɗaya na sa a cikin hula. Na yi mata alkawari. In bakina ba zai iya faɗa ba, Lorna ta gani da idonta.

Lahadi, 22 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta wannan a hankali.

Wim ya zo ɗaukata da safe, na ɓata lokaci ina neman tabarau. A asibiti Tansy tana gefen gado tana yanke wa uwarta farce. Na jira ta gama. Na cire hula, na fito da ganyen, ya ɗan yi yaushi. Na ɗora shi a kan bargo.

"Baba, a asibiti?"

"Wa zai gane shi? Ni ma ban gane shi ba."

Na ce, "Lorna, ga abin da ya fito. Na yi iyakar yi na. Ba ita ba ce."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauke shi da hannun hagu, ta juya shi, ta kai hanci. Sai gefen bakinta mai motsi ya ɗaga. Dariya take yi mini. Na san wannan dariyar, ita take yi in na saka riga a bai-bai.

Ta ajiye ganyen. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna mini, ta taɓa ganyen da shi. Ta jira sai da na gyaɗa kai. Sannan ta juya hannun a hankali kamar mai cewa a dakata. Ta ɗaga yatsa uku. Ta sake juya hannun. Ta buɗe tafin duka, biyar.

Sai ta kalli hannun dama. Ta kalle shi sosai, jijiyar wuyanta ta tashi. Bai motsa ba.

Tansy ta ajiye almakashi.

Lorna ta miƙo hannun hagu ta kamo nawa, ta naɗe mini yatsu uku, ta bar biyu a tsaye. Ta buɗe nata biyar ta jingina da su. Bakwai.

"Ruwa," ta ce, da muryar da take cewa kai sakarai ne, Merv.

Haka Goggo Dot take yi ke nan. In ta dawo daga fure sai ta fara da yatsa ɗaya, kamar sabuwar haihuwa, ta bi ta uku, ta bi ta biyar, kafin ta tuna ko ita wace ce. Lorna ta gani wancan karon, ni ina can ina saran katako. Rashin sani ya fi dare duhu.

Tansy ta fita waje. Da ta dawo idonta ja.

Sai na tuna juji. Na tuna sanyin daren jiya, da ɓeraye, da walabi, dabbar dajin nan mai tsalle da ke shigowa lambu. Ban yi sallama da kyau ba. A mota na ce wa Wim ya taka.

"Ina saurin me? Ba ka ce ɗoɗɗoya ba ce?"

"Kai ka ce. Taka, ɗan Holan."

"Motar nan ta girmi 'yarka, a bi ta a hankali."

Ya bar ni ina zufa har muka wuce gada. Sannan ya ce, yana kallon hanya, "Tana kan teburinka. Kana can kana neman tabarau da ke saman kanka na ɗauko ta. Fitilar ma na kunna. Ƙwanka dai sai haƙuri, na sake cire firij."

Na buɗe baki. Ya ce, "Da alama gobe za a yi rana."

Na ce da alama.

Laraba, 1 ga Yuni, da safe

Laraba. Yatsa uku, ganye biyu. Akwai ɗan haƙori a gefe.

Lahadi, 5 ga Yuni, da yamma

An mai da Lorna Ballina. Ɗakin yana kallon wani fili da ake yi wa aski kullum, babu ko bishiyar kirki. Na ɗan lokaci ne.

Na kai mata man shanu a ƙaramar kwalba. Tansy ta ga kwalbar, ta juya baya tana gyara labule har na gama shafawa.

Ta sami kalma ta biyu. Ina ƙoƙarin sa mata safa na sa a bai-bai, sai ta ce, "Sakarai." Ras, kamar da. Na ce ta sake faɗa. Ta ƙi.

Alhamis, 9 ga Yuni, da rana

Wani mutumin hukuma ya zo da jar hula ya zagaya tudun, ya sossoka ƙarfe a ƙasa. Ya ce kafin ruwan baɗi ya kamata a ce babu mai kwana a gidan nan. Na ce mahaifina ya kwana a nan, ni ma na kwana. Ya ce ya sani, Baba, ya nuna mini tsagar da ke bayan tanki. Na riga shi ganinta, tun makon jiya hannuna yake shiga. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Laraba, 15 ga Yuni, da la'asar

Na shiga.

Na ɗauki shebur da baro na yi ta kwasa tun safe. Laka ta bushe ta yi tauri. Na tono injin wanki, na tono fitilar uwar, na tono kwandon shanya.

Tukunyar ba ta a lungun da take zama. Tana nan bakin ƙofa. Lorna ta kusa fitowa da ita.

Na wanke silifar na shanya a baranda. Ɗayar tana ƙarƙashin gado tun da aka miƙo mini ita a leda a asibiti.

Litinin, 20 ga Yuni, da safe

Biyar. Ƙanshin ya dawo, barkonon tukuna, mangwaron yana baya.

Lahadi, 3 ga Yuli, da yamma

Ba ta miƙe sama yadda ta saba ba. Rassa ta yi ta fitarwa ta kowane gefe, kamar wadda aka tsare da daɗewa aka sake ta. Kejin ya yi mata kaɗan. A can sama akwai ganye ɗaya mai yatsa bakwai. Na ƙirga sau uku.

Wim ya ce in koma ɗakin bayan gidansa kafin ruwa ya dawo, ni da kare da Goggo Dot. Ya ce ita yake gayyata, mu biyun rakiya ce. Na ce zan duba. Na fara sa littattafan Lorna a kwali. Kujerarta ta baranda na shigo da ita ciki, raɓa tana ɓata ta.

Tansy ta zo taya ni. Muna cikin naɗe kwanuka da jarida, na ɗauki kofin nan mai ɓallen baki, wanda Dot ta kawo wa Lorna. Na cika shi da ƙasa. Na ɗauko reza da zuma. Na yanki reshe na dasa.

Ta daina naɗi tana kallona.

"Baba, 'ya'yan mutane nake koyarwa. In aka same ni da wannan fa?"

"Ki ce tumatir ne."

"Tumatir mai yatsa biyar."

"Zai kai bakwai."

"Ba ni da lambu."

"Ba lambu take so ba. Lungu da fitila. Ba za ta sake zama a gida ɗaya ba, abin da ya kusa kashe ta ke nan. Kuma uwarki tana kusa da ke, ba ni ba."

Ta kalli ƙofar ɗakin wanki, wadda yanzu take a buɗe.

"Har yanzu ina jin haushinta."

"Na sani."

"Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene," ta ce. "Tsintsiya ce kawai a ciki."

Na ce to ta saurara, don wata rana ita za a tambaya. Dot ta ba Col Dogo. Col ya ba 'yan biyun Harkin. 'Yan biyun suka mayar wa Dot bayan wuta. Dot ta ba Wim, ya kashe tasa. Dot ta ba Lorna. Lorna ta ba Merv, duk da ba da hannu ta miƙa ba. Na sa ta maimaita. Ta yi kuskure a wurin 'yan biyun, na gyara mata.

Na miƙa mata kofin. Ta karɓa da hannu biyu. Na ga bakinta ya motsa, yarinya ce mai ladabi, uwarta ta koya mata. Sai ta rufe shi. Ta kalli sama ta taga, sama kuwa wasai, babu ko ɗigon gajimare.

"Da alama za a yi ruwa, Baba," ta ce.

Na ce da alama.